Tiyatar kansar hanji da mutum-mutumi: abin da muka biya da abin da muka samu

Tun da muka dawo daga Indiya da Yaya, tambaya ɗaya mutanen Jekadafari ke yi mini a bakin shago: wai da gaske mutum-mutumi ne ya yi masa aiki? A'a, likita ne ya yi masa. Na fara da wannan ne don ejan ɗin da ya haɗa mu da asibitin bai faɗa mana haka ba. A bakinsa, na'ura ce mai ganin ciwo da kanta, ta tsince shi tas, mutum ya tashi ya kama harkokinsa.

Na'urar da aka yi amfani da ita sunanta da Vinci, ƙirar kamfanin Intuitive da ke Kalifoniya, kuma tun 2000 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da ita. Hannuwa huɗu gare ta, ɗaya na riƙe da kyamara, uku na riƙe da almakashi da hantsaki da abin ƙona jijiyar jini. Likitan yana zaune a gefe cikin ɗakin tiyatar, ya cusa fuska a abin leƙawa, yatsunsa a kan maɗaukai, ƙafafunsa a kan feda. Ya motsa, ta motsa. Ya ɗaga kai, ta tsaya cak. A gefen marar lafiya kuma akwai wani likitan da nas suna canza kayan aiki. Abin da take ƙara masa shi ne ido da wuyan hannu: tana nuna cikin mutum da zurfinsa, ta girmama abu har kusan ninki 10, bakin kayan aikin yana lanƙwasa ta inda hannun ɗan Adam ba ya iya juyawa, kuma tana tace rawar hannu. Abin da take rage masa shi ne taɓawa. Likitan da kansa ya ce da wadda yake aiki da ita ba ya jin taurin nama ko laushinsa, da ido yake aunawa, shi ya sa sabon hannu ba ya jin daɗinta.

Ciwon Yaya a ƙarshen babban hanji yake, dab da dubura. Ya fi shekara yana ganin jini a bahaya yana shan maganin basir, na masu lasifika a tasha da na jiƙe-jiƙen gida, yana ramewa ana cewa tsufa ne. Likitocinmu na nan Gombe ne suka gano shi, da kyamarar da ake zurawa ta ƙasa, suka yanko tsoka aka kai gwaji. Ba zan rage musu komai ba, sun ce za su iya aikin ta hanyar buɗe ciki. Sai dai sun faɗa mana gaskiya cewa ciwon ya yi ƙasa sosai, mai yiwuwa a cire duburar gaba ɗaya a bar shi da jakar tara bahaya a gefen ciki har ƙarshen rayuwa. Yaya shi ke jan sallah a masallacin layinmu. Da muka fito ya ce mini, "Auta, yanka ba ya ba ni tsoro. Jakar nan ce. Yaya zan tsaya gaban mutane?" Malamai sun yi masa bayanin hukuncin mai lalura, ya kuma san shi tun kafin su faɗa, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Wannan ne ya kai mu Delhi.

A nan ne na'urar ta yi rana, kuma a nan kaɗai zan yabe ta ba tare da "amma" ba. Ƙugun namiji matsattse ne, ƙashi ta ko'ina, ga jijiyoyin fitsari da na mazakuta kwance a jikin abin da za a cire. Aiki a wurin tamkar ɗinki ne a cikin tulu mai ƙaramin baki. Dole a zare hanjin tare da kitsen da ke lulluɓe da shi ba tare da an fasa ba, domin cikin kitsen nan kaluluwar da ciwon ke fara gudu zuwa cikinta take. Bayan an gama sun nuna mana ɗan bidiyon aikin a waya. Na ga wani farin zare siriri, likitan ya ce jijiyar fitsari ce, bakin almakashin ya bi ta gefensa a hankali bai taɓa shi ba. An ceci duburar. Rahoton gwaji ya ce gefen abin da aka yanke babu ciwo, kaluluwar da aka ciro kuma ta haura 12, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake so a ƙirga.

Kafin a kai ga wannan sai da aka yi masa gashi da na'urar haske tare da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, na wajen mako 5, aka jira ciwon ya motse. Mutum-mutumin bai ɗauke masa ko ɗaya daga cikin wannan wahalar ba.

Cikinsa yanzu huda ne ƙanana, kowace ba ta fi faɗin ɗan yatsa ba, da yanka guda a ƙasan mara inda aka fito da hanjin. Ba a ƙara masa jini ba. Washegari nas ta tashe shi ya taka zuwa bakin ƙofa yana jan ƙarfen ƙarin ruwa, yana mita. Abin da ya fi damunsa a ranar kafaɗa ce, ba cikin ba. Ashe iskar da ake hura ciki da ita don a samu filin aiki ce ke sa haka, ta kuma wuce da kanta. Aikin ya daɗe fiye da yadda aka ce mana, domin jona hannuwan na'urar kaɗai yana cin lokaci, kuma babu wanda ya leƙo ya ce mana uffan har aka gama. Wannan sakaci ne, na kuma faɗa musu.

Sai maganar kuɗi. Takardar farko da ejan ya turo ta WhatsApp farashin tiyatar kyamara ta yau da kullum ce, wadda ake cewa laparoskofi. Sai da muka isa, an kwantar da mutum, sannan ofishin kuɗi ya fito da wata takardar mai layin mutum-mutumi daban. Dalilinsu ba ƙarya ba ne: na'urar tana kaiwa dala miliyan 2, kayan aikinta kuma ƙirge suke, an yi amfani da su sau goma da 'yan kai sai su kulle kansu a sayi sababbi. Amma me ya hana a faɗa tun muna gida? Ga naira tun da aka sake ta a 2023 ba ta tsaya ba, a 2024 dala ta haye 1,500. Ƙarin kuɗin mutum-mutumin nan shi ya cinye filin Yaya na Tumfure.

Ɗan yayarmu mai karatun likita ya bi mana diddigin ko ƙarin ya cancanta. Wani babban gwaji mai suna ROLARR da aka buga a 2017, a kan mutum 471 masu kansar ƙarshen hanji, bai samu wani tabbataccen bambanci ba tsakanin mutum-mutumi da laparoskofi wajen yawan waɗanda aka koma aka buɗe musu ciki ana tsakar aiki. Wani kuma da aka yi a Sin a kan mutum fiye da 1,000 masu ciwo a tsakiya da ƙasan wurin, aka buga a 2022, ya nuna mutum-mutumin ya fi fitar da ciwon ba saura a gefe. Yadda na fahimta, fifikonta a lungu yake. In ciwo a saman hanji yake inda akwai fili, ƙwararren likita da laparoskofi zai yi aikin, kuma ana yin ta a Najeriya.

Ana amfani da na'urar a kansar tumbi da ta maƙoshi da ta gaɓar da ke bayan tumbi da ake kira fankiriyas, sai dai duk cikinsu sharaɗin ɗaya ne, ciwon ya kasance wanda wuƙa za ta iya cirewa. A masaukinmu akwai wani dattijo ɗan arewa da aka kawo da kansar tumbi, shi ma da alƙawarin mutum-mutumi. Hoto ya nuna ta riga ta bazu a hanta da fatar ciki. Likitoci suka ce babu tiyata, sai kemo, irin wanda zai iya samu a gida kusa da iyalinsa. 'Ya'yansa sun sayar da shanu. Duk wanda zai tafi, ya fara tura hoton sikan da rahoton gwajin tsoka ga likitan da zai riƙe maɗaukan, ba ga ejan ba, ya ji amsa daga bakinsa ta bidiyo. Ya tambaye shi sau nawa ya yi irin wannan aikin da na'urar, ba tiyatar mafitsara ko ta mahaifa ba, wannan ɗin dai. Ya kuma sa a rubuta masa jimillar kuɗi, har da abin da zai biya in aka koma buɗe ciki.

Jakar ma ba mu tsira daga ita gaba ɗaya ba, duk da rantsuwar ejan. An sa masa ta wucin gadi daga ƙaramin hanji don ɗinkin ƙasa ya warke, ya yi 'yan watanni da ita. Samun ledojinta a Gombe aiki ne, sai mun yi saƙo Kano ko Abuja, gam ɗinta kuma ba ya shiri da zafin Afrilu. Bayan an mayar da hanjin sai wata sabuwa ta taso: yawan zagayawa, wani lokaci babu gargaɗi. Likitan ya ce haka yake faruwa da yawancin waɗanda aka cire wa ƙarshen hanji, ko da wace hanya aka yi aikin, tunda ma'ajiyar ce aka rage. Yana sauƙi a hankali. Yaya ya rage yaji da madarar shanu, ya koma jan Magariba da Isha, Asuba dai har yanzu na'ibinsa ke yi.

In an sake maimaitawa, ga ciwon Yaya a inda yake, zan sake biya. Ga wanda nasa ke sama, ko wanda sai ya sayar da gidan da yake ciki, ba zan ba shi shawarar bin na'ura ba, ya bi likitan da ya ƙware ko da me yake aiki. Kuma kada ya baro asibitin sai da cikakken rahoton tiyata, da sakamakon gwaji, da faifan hotuna. Da su likitanmu na nan ke bin Yaya yanzu, gwajin jini na CEA mai nuna alamar dawowar ciwon duk wata 3, sikan kuma lokacin da ya ga ya dace.