Condor ya yi, amma fedar araha ta kusa ɓata min aikin

Ga masu son koyon tuƙin jirgin sama marar inji a kan kwamfuta a gida, manhajar Condor ba ta da laifi. Ƴan Sulobeniya ne suka ƙera ta, Condor ta biyu ta fito a 2018, kuma a kan Windows take aiki. Jirgin Blanik mai kujera biyu da ke cikinta ya isa ɗan koyo: daga tsayin mita 1000, in iska na kwance, yana lulawa kusan kilomita 28 kafin ya taɓa ƙasa. Kukan na'urar hawa da sauka yana tsananta daidai lokacin da ka shiga iska mai zafi da ke tashi sama, irin wadda shirwa ke kewayawa a cikinta a sararin Yamai da tsakar rana.

Feda, wato abin takawa da ƙafa da ake jonawa da kwamfuta don juya hancin jirgi hagu ko dama, ita ce ta ƙona min rai. Wannan jirgi ƙafa ce rabin tuƙinsa. Fiffikensa ya haura mita 16, saboda haka in ka karkata sandar tuƙi hagu, hanci sai ya fara fizgewa dama, sai ka taka fedar hagu tare da sandar. Alƙalinka shi ne ɗan zaren ulu da ke manne a gilashin gaba: ya kwanta hagu, taka dama, ya miƙe tsakiya, ka yi daidai. To, fedar araha da na saya, mako uku kawai ta yi cikin hazon hunturu, zaren ya kama rawa ko ƙafa ba ta motsa ba. A bayan jirgi mai inji da ke jan marar injin sama da igiya abin ya fi muni: jirgi na lilo hagu da dama, igiya ta yi sako-sako, ta fizge, ta tsinke. Ɗan koyo zai zaci hannunsa ne, ya yi ta gyaran kuskuren da ba nasa ba, kuma nan ne mugun sabo ke kama mutum.

Ga yadda ake gane ta. A buga joy.cpl a Windows, a ɗauke ƙafa, a kalli alamar feda. In tana karkarwa ita kaɗai, ƙura ta shiga ɗan abin juyin da ke ciki, irin na ƙara sautin rediyo. Na kwance ta, na wanke da alkol, ta lafa kwana goma ta koma gidan jiya. Faɗaɗa wurin da feda ba ta ji a tsakiya yana ɓoye rawar, amma yana kashe ƙananan taku, waɗanda su ne ainihin abin da ake koyo. A garinmu mai ƙura, a nemi mai aiki da maganaɗisu, wadda babu abin da ke gogar wani a cikinta, a riƙa rufe ta da zane.

Sandar da ake murɗawa a madadin feda kuwa kada ma a fara. Birkin iska, wato faifan da ake buɗewa a fiffike don jirgi ya yi saurin sauka, a ɗora shi kan mariƙi mai zamewa a hannun hagu, ba maɓalli ba, don a jirgin gaske hannun hagu ke riƙe shuɗin mariƙin, ana buɗewa kaɗan-kaɗan.

Da na ce manhajar ba ta da laifi, akwai gyara. Kujerar ɗaki ba ta turo ka sama in iska ta ɗaga jirgi, don haka ido sai ya maƙale a na'urori, alhali matuƙi waje yake kallo. Manhajar Opentrack kyauta ce, da ƴar kyamara tana bin motsin kai, ta rage wannan. Atisayen tsinkewar igiya a mita 50 ko 100 yana da amfani ƙwarai: hanci ƙasa nan take, a jira gudu ya dawo kafin a yi tunanin juyawa. Amma da waccan fedar, ko shi ma bai yiwu min ba sai da na canza ta.