Shayin zoɓo da kamomil na masu suga, ga abin da na gani

Jama'a ga ra'ayina kan shayin kwalin nan da ake ta tallarsa a WhatsApp wai yana sauke suga. Haɗin zoɓo ne da furen kamomil, a wani shago a Agege na saya. Ina da ciwon suga, ina kan maganin suga na metformin, don haka duk abin da na sha sai na bi shi da na'urar gwaji.

Ɗanɗano dai ba laifi wallahi, tsamin zoɓon na nan amma kamomil ya tausasa shi, ana iya sha ba suga ba zuma. Da dare kuma yana sa ni barci mai daɗi.

Maganar suga kuwa akwai gaskiya a ciki amma ba kamar yadda suke zuzutawa ba. Jan launin zoɓo daga wani sinadari ne antosayanin, kuma a ɗakin gwaji an ga zoɓo na rage ƙarfin amilas, wato abin da ke mayar da tuwo ko shinkafa suga a ciki, shi ya sa na fi shan sa bayan abinci. Shi kamomil yana da wani sinadari apijenin, har an yi wani ƙaramin bincike a Iran inda masu suga suka sha shi bayan abinci na mako 8 sugarsu ta ɗan sauka. Ni ma lambar sugata ta safe ta ɗan yi ƙasa, sai dai a lokacin ne na bar lemon kwalba da zoɓon gora da ake sayarwa a go-silo, wanda suga ce zalla, to ba zan ba shayin lada shi kaɗai ba. Inda na fi ganin aikinsa hawan jini ne.

Abin da ya ɓata min rai, mai tallar na cewa ana iya ajiye magani, haba! Mutum ya bar maganinsa don shayi ai ƙodarsa da idonsa ya sa a haɗari. Kuma ko gargaɗi babu a jikin kwalin, alhali kamomil bai jituwa da warfarin, maganin hana jini daskarewa, mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini kuma sai sun tambayi likita kafin su riƙa shan zoɓo kullum.

Ga tsada. Kuɗin kwali ɗaya zai saya min busasshen zoɓo mai yawa a kasuwar Mile 12 ta Legas wajen 'yan uwanmu masu kawowa daga Jigawa, can zan koma in haɗa nawa da citta da kanumfari, kamomil in saya daban.