Man omeprazole na dawaki: abin da ya yi wa Bikili da abin da ya bar mini

Bikili ya zo hannuna yana da shekara 7, wata biyu bayan tserensa na ƙarshe. Dandaƙaƙƙe ne, jinsin Thoroughbred, dogo mai siraran ƙafafu. Dokin tsere dama ba ya tara kitse, shi ya sa ban damu ba da na ga shacin haƙarƙarinsa. Na ce hutu da hatsi za su cike shi. Ranar da ya sauka na auna shi da tef ɗin awon dawaki, ya nuna kilo 445. Bayan sati shida ina zuba masa hatsi safe da yamma, tef ɗin nan ya nuna 428. Ina ƙara abinci, doki na ƙara zubewa.

Yadda yake cin abincin ne ya fara tsaya mini a rai. Da ya ji motsin bokiti zai yi haniniya ya rugo, ya ɗiba sau uku ko huɗu, sai ya ja da baya ya tsaya yana kallon bango, wani lokaci yana cizon haƙora har ana ji daga waje. In na zo ɗaure majayi sai ya kwantar da kunnuwa ya juyo da baki, alhali wanda ya saba hawansa ya ce mini bai taɓa cizon kowa ba. Gashinsa ya dushe, kuturinsa ya faɗa, kwiɓinsa ya lotsa.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Aka duba haƙora aka goge masu kaifi, aka gwada kashinsa aka ba shi maganin tsutsa. Babu canji. Daga nan na yi wautar da nake so mai karatu ya tsallake: wani ya ce mini gyambon ciki ne, na sayi garin omeprazole, maganin rage asid na tumbi, mai araha a leda marar lambar rajista, ina barbaɗa masa a hatsi. Wata guda cur. Araha ba ta ado. Daga baya na fahimci cewa omeprazole magani ne da asid ke lalatawa, don haka in ba a haɗa shi da abin da zai kare shi a tumbi ba, ko ba a lulluɓe ƙwayoyinsa ba, tun kafin ya kai hanji inda jiki ke tsotsarsa ya riga ya mutu. Ni kuma har da cakuɗa shi da abinci, wanda shi ma rage masa ƙarfi yake yi. Kuɗin ya tafi, wata guda ya tafi, dokin na nan yadda yake.

Sai na kira likitar dabbobi mai na'urar leƙa tumbi. Ta ce a hana shi abinci awa 16, a ɗauke ruwa 'yan awoyi kafin ta zo. Daren nan sai da na share bargar tas na sa masa takunkumi, don dokin da ke jin yunwa har shimfiɗarsa yana ci. Da safe ta yi masa allurar kwantar da hankali, ta zura wata siririyar tiyo mai tsawon mita 3 ta hancinsa, da kyamara a bakinta, ta hura iska tumbin ya buɗe. Ina tsaye riƙe da ragama ina kallon allo.

"Malam, matso ka gani da idonka," ta ce. "Ka ga farin nan na sama, ka ga jan nan na ƙasa? Tumbin doki gida biyu ne. Na ƙasa shi ke fitar da asid, kuma yana da majinar da ke kare shi. Na sama ba shi da kariyar komai."

A daidai layin da ya raba biyun, sai ga miki jere, wasu kamar an ɗiga wa fata garwashi. Ta ce mataki na 3 ne a ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 4. Ta leƙa har mafitar tumbi ta ƙasa, can lafiya lau. Gani ya kori ji.

Na ce, "Likita, to ai ya daina tsere. Me zai hana ya warke da kansa?"

Ta yi dariya ta ce in duba bokitina. Bayanin da ta yi mini a tsaye a ƙofar barga ya fi mini amfani a kan duk abin da na karanta. Tumbin doki ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa, lita 8 zuwa 15, kuma yana fitar da asid dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba. An halicce shi ne ya yi kiwo kusan awa 16 a yini, yana tauna yana haɗiyar yawu, yawun nan yana kashe kaifin asid, ciyawar kuma tana yin tabarma a samansa. Doki ba ya fitar da yawu sai yana tauna. Dokin tsere kuwa yana kulle a ɗaki, ana ba shi hatsi mai yawa da ciyawa kaɗan, a fitar da shi sukuwa sau da yawa ciki wayam. Da ya fara sassarfa cikinsa ke matsewa, asid ɗin ya fantsama sama inda babu kariya. Shi ya sa in an leƙa tumbin dawakan Thoroughbred da ke cikin horo, sama da 80 cikin 100 ake samu da gyambon. Ni da na karɓe shi, na cire sukuwar, amma na bar masa hatsin har na ƙara, da dogon zama babu ciyawa tsakanin safe da yamma. Na tambaye ta ƙwayar cutar nan da ke jawo wa mutane olsa, ta ce ba a tabbatar tana da hannu a na dawaki ba, kada in nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ta rubuta man omeprazole mai rajista, miligiram 4 ga kowane kilo na nauyin doki, sau ɗaya a rana, kwana 28. Irin wannan man da ya fara samun amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) shi ne GastroGard, a 1999, kuma daga baya wasu kamfanoni sun fito da nasu. Nawa ɗaya ne daga cikin na baya, kuma tunda akwai abin da zan yi ƙorafi a kai, zan bar sunansa.

Yana zuwa ne a cikin sirinji mai kauri marar allura, irin na maganin tsutsa. Kowane yana ɗauke da giram 2.28 na maganin, wanda ya isa dokin da ya kai kusan kilo 570. A jikin sandar turawa akwai zobe da lambobin nauyi: ka murza zoben zuwa nauyin dokinka, ka sa bakin sirinjin ta gefen baki inda babu haƙora, ka tura can kan harshe, ka ɗaga haɓarsa har ya haɗiye. Man yana da kauri, yana manne wa harshe, yana ƙanshin kirfa. Bikili ya tofar da na rana ta biyu saboda akwai ragowar ciyawa a kumatunsa, man ya manne mata suka fito tare. Tun daga ranar nake sa yatsa in duba bakin tukuna.

Lokacin bayarwa shi ne rabin aikin, kuma takardar da ke cikin kwalin ba ta ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Likitar ce ta ja kunnena. Maganin yana toshe ƙananan famfunan da ke tura asid cikin tumbi, kuma ya fi kama su lokacin da suka tashi aiki, wato sa'ad da doki ya fara ci. Ana so ya riga ya shiga jini kafin lokacin. Don haka a ba shi da sassafe ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60, sannan a kawo abinci, ciyawa kafin hatsi. Nan na rikice, don ita ce ta gama ce mini kada a bar tumbin doki wayam. Ta ce doki dama yana rage ci a ƙarshen dare. In auna masa ciyawar dare yadda zai gama da ita kafin gari ya waye, in shigo da sirinji kafin kowa ya taɓa bokiti. Minti 45 ɗin nan na jira su ne mafi tsawo a yinina, yana dukan ƙofa da ƙafa yana harara ta.

A rana ta biyar ya cinye abincinsa bai ja da baya ba. Na tsaya ina jira ya juya ga bango, bai juya ba, har ya lashe gindin bokitin. A sati na biyu cizon haƙora ya tsaya. Maganar majayi ta fi daɗewa, kuma ina zaton rabinta ciwo ne rabinta tsoron ciwon da ya saba ji. Nan ne tarkon yake: doki yana samun sauƙi tun kafin mikin ya rufe, sirinji kuma da tsada, sai zuciya ta ce a tsaya a kwana 14. Na ji wannan muryar sosai. Ban bi ta ba.

Ƙorafina uku ne, kuma na farko ya fi sauran nauyi. Tsadarsa ba ta wasa ba ce, sirinji kusan ɗaya kowace rana har wata guda, ga kuɗin leƙa tumbi sau biyu. Na biyu, dokin da bai kai nauyin sirinji cikakke ba yana barin ragowa kullum, kuma haɗa ragowar nan ta cika awo ɗaya aiki ne na lissafi da asuba, ido bai gama buɗewa ba. Sai da na koma rubuta abin da ya rage a jikin kowane sirinji da alƙalami. Na uku, zoben awon nawa ba ya kamawa da kyau. Sau biyu ya zame na tura fiye da yadda na nufa. Bai cutar da dokin ba, aljihuna ya cutar.

Abin da maganin bai yi ba shi ne mayar da nama. Ranar da muka cika kwana 28 tef ya nuna 434, ƙarin kilo 6 kacal, na ji kamar an cuce ni. Amma ba aikinsa ba ne. Shi dai ya cire abin da ke hana doki ci, sauran na mai doki ne. Likitar ta tsara mini: busasshiyar ciyawa aƙalla kashi 1.5 cikin 100 na nauyin jikinsa kowace rana, ni kuwa na bar masa ita a gabansa duk yini cikin raga mai ƙananan ramuka don ya daɗe yana tauna. Kada ya wuce awa 6 bai sa ciyawa a baki ba. Hatsi a rage shi sosai, sitacin da ke ciki kada ya wuce giram 1 ga kowane kilo na nauyinsa a ci ɗaya. Ƙarfin da aka rasa a nemo shi daga man girki, a fara da kaɗan ana ƙarawa a hankali, da kuma ciyawar alfalfa, wadda sinadarin kalsiyam da furotin ɗinta ke rage kaifin asid. Kafin in hau shi kuma in ba shi alfalfa cikin hannu biyu ya tauna, don tabarmar nan ta kasance a wurin kafin ya fara sassarfa. Wannan ɗan abin, da ba ya cin wani kuɗi, na fi ganin hikimarsa a kan duk sauran.

An sake leƙawa a rana ta 30. Farin ɓangaren ya yi sumul, sai wuri ɗaya da fatar ta yi kauri ta yi rawaya. Likitar ta ce mun yi sa'a da gyambon na sama ne, don wannan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 suna warkewa a wata guda da wannan awon. Da a jan ɓangaren ƙasa yake, omeprazole shi kaɗai ba ya yin abin kirki, sai an haɗa da sucralfate, maganin da ke lulluɓe mikin, ko a koma wani maganin daban, kuma ya fi ɗaukar lokaci. Alamomin biyun kuwa kusan ɗaya ne daga waje. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zan ce wa duk mai tsohon dokin tsere ya biya kuɗin kyamara kafin ya biya kuɗin sirinji. Ta kuma gargaɗe ni a kan maganin ciwon gaɓoɓi da ake kira bute, wanda dawakan tsere suka sha da yawa, cewa yawansa yana cin jan ɓangaren, kada in ba shi sai da saninta.

Ba mu yanke maganin kai tsaye ba. Ta sauke shi zuwa miligiram 1 ga kowane kilo, awon rigakafi, na wasu makonni, saboda gyambon yana saurin dawowa in an daina magani rayuwar doki ba ta canza ba. A wannan awon sirinji ɗaya yana kai ni kwana huɗu zuwa biyar, numfashina ya dawo.

Naman ya zo a wata na uku da na huɗu, a hankali, daga kuturi ya gangaro gadon baya. A ma'aunin ƙiba da ramar doki na Henneke mai maki 1 zuwa 9, wanda aka fitar a Amurka a 1983, likitar ta ba shi 3 ranar farko. Yanzu yana 5: ba a ganin haƙarƙarin, amma in ka shafa za ka ji shi. Tef ya nuna 478 a awon da na yi makon jiya. Har yanzu yana kwantar da kunne ɗaya in na ɗauko majayi, sai dai ya daina juyowa da baki. Na ajiye sirinji biyu a akwatin barga don ranakun da za a ɗora shi a mota, in fara ba shi awon rigakafi kwana biyu kafin tafiya.