Kason masaukin hutu a Orlando: ɗakin yana nan, alfarmomin kuwa sai yadda kamfani ya ga dama

A shekarar 2018 na sayi kaso a tsarin mallakar masaukin hutu na ɗaya daga cikin manyan kamfanonin filayen wasa da ke Orlando, a jihar Florida ta Amurka, kuma tun daga lokacin abokai da 'yan uwa masu kai iyali hutu suke tambayata ko abin ya biya kuɗinsa. Na daɗe ina amsa musu da cewa ya biya, kuma idan maganar ɗaki kaɗai ake yi, har gobe ba zan janye ba. Maki 150, wato abin da ake biyan kwanan ɗaki da shi, muka saya kai tsaye daga hannun kamfanin, aka rubuta mana takardar mallaka da wa'adinta zai ƙare a 2068. Sun yi mana tayin bashi mai ruwa na shekara goma, muka ƙi saboda riba, muka biya kuɗin lakadan. Dokar Florida ta ba mai saye kwana 10 ya fasa ciniki a mayar masa da kuɗinsa, amma ko tunanin fasawa bai zo mana ba.

Kowace shekara ana zuba wa mutum makinsa, shi kuma ya biya kwanan ɗaki da su, gwargwadon girman ɗakin da kuma lokacin da ya zaɓa. Ana iya ajiye makin bana zuwa baɗi, ana kuma iya aro daga na baɗi. A masaukin da mutum ya sayi kasonsa yana da damar kama ɗaki tun saura wata 11, a sauran masaukan kamfanin kuwa sai saura wata 7. Mu da muke tasowa daga Abuja ba kowace shekara muke zuwa ba, don haka mukan tara makin shekara biyu, mu ƙara da aro, mu kama gida mai ɗakin kwana biyu da falo da cikakken kicin da injin wanki. Wannan kicin shi ne abin da ya fi komai amfani a wurinmu. Hajiya mahaifiyata ba ta iya cin abincin filayen wasan, kuma naman da ba ta san yankansa ba ko kallonsa ba ta yi, to a Orlando akwai mahautan halal da shagunan kayan abincin Afirka, sai uwargida ta tuƙa tuwo da dare, da safe a yi ɗumame kafin a fita. Wanda ya taɓa ciyar da iyali a cikin filin wasa ya san abin da wannan yake rage wa aljihu.

Sai dai ranar da aka zaunar da mu a ofishin sayarwa, ba ɗaki ne ya cinye yawancin hirar ba. Jami'in ya fi ɓata lokaci a kan alfarmomin da katin memba yake jawowa: tikitin shekara a farashi mai rahusa, rangwame a shaguna da gidajen abinci, falon hutawa na membobi a cikin filin wasa, da dararen da ake rufe fili a bar wa membobi su kaɗai. Ya ƙara da abubuwan da duk mai kwana a masaukansu yake samu a lokacin, wato motar da ke ɗauko baƙi daga filin jirgi kyauta da damar kama gurbi a layin gaggawa na lilo ba tare da biyan ko sisi ba. Ya ɗauki biro ya lissafa mana a takarda cewa idan muka zo a watan Agusta, muka sake dawowa a Yuli na shekara mai zuwa, tikitin shekara ɗaya zai ɗauki tafiya biyu. Lissafin gaskiya ne, mun gwada shi kafin korona kuma ya yi aiki. A kan wannan lissafi na sa hannu.

Abin da ya sauya min ra'ayi ya faru ne a dogon hutun makaranta na 2022. Filayen sun rufe a watan Maris na 2020, suka sake buɗewa a Yuli, amma mu ba mu samu zuwa ba, tikitocinmu na shekara suka mutu a hannunmu. A Nuwamban 2021 kamfanin ya dakatar da sayar da sababbin tikitocin shekara ga kowa sai mazauna Florida, masu tikiti mai rai ne kawai aka bar wa damar sabuntawa. Na buga waya tun daga gida na bayyana halin da muke ciki, matar da ta ɗauka ta ce ba za ta iya yin komai ta waya ba, amma in je tagar kula da baƙi da katin memba da fasfo da tsofaffin tikitocin, za a duba maganata tunda annoba ce ta hana mu zuwa. Da wannan magana na kwashi Hajiya da uwargida da yara muka hau jirgi.

Tun a filin jirgin Orlando muka fara ganin canji, domin motar kyauta an soke ta tun farkon Janairun shekarar, sai da muka yi hayar mota biyu saboda kaya da keken Hajiya. Wannan na san da shi, ban kuma sa shi a raina ba. Washegari da safe muka isa tagar, zafin Agusta na Florida mai haɗe da gumi ya riga ya fara, yara sun sa huluna suna ta tsalle. Saurayin da ke tagar ya karɓi katina, ya duba kwamfuta, ya kira shugabarsa. Ita kuma ta fito da murmushi irin nasu wanda ba ya gushewa, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce babu wata hanya, an rufe sayarwa ga memba da wanda ba memba ba, kuma babu inda aka rubuta abin da aka faɗa min a waya. Na ce mata wannan tikiti yana cikin dalilan da suka sa na zuba dubban daloli a wannan tsari. Sai ta juyo min da allon da ke hannunta, ta nuna min wani sakin layi da yatsa, inda aka rubuta cewa alfarmomin ba sa cikin abin da memba ya mallaka, kuma kamfani yana da ikon sauya su ko soke su a duk lokacin da ya so. Ta ce takardar tana cikin waɗanda na sa wa hannu. Tana ciki kuwa, amma jami'in da ya yi mana lissafi da biro bai taɓa ɗora bironsa a kan wannan layi ba.

Uwargida ta matso kusa da ni ta ce, "Abban Ummi, ka bari haka nan, Hajiya tana rana." Na waiwaya na ga Hajiya a keke tana fifita da gefen mayafinta, ba ta ce komai ba sai "Allah Ya kyauta." A nan na sayi tikitin kwanaki ga kowa da kowa, a lokacin da tikitin yini ɗaya na babba ya haura dala 100. Abin bai tsaya nan ba, domin a wancan zamani tikiti kaɗai ba ya shigar da mutum, sai ya kama gurbin shiga filin da yake so a ranar da yake so, kuma ba a kama gurbi sai da tikiti a hannu. Babban filin da yara suka kwana suna mafarkinsa ya cika a ranar. Haka muka juya daga bakin ƙofa, ƙaramar tana kuka, muka hau mota zuwa wani filin daban. Layin gaggawa da yake kyauta a da shi ma ya koma na kuɗi tun Oktoban 2021, dala 15 ga kowane mutum a kowace rana, kuma sai mutum ya riƙe waya ƙarfe 7 na safe yana rige-rigen kama gurbi. Duk hutun nan, da na idar da sallar asuba ba na komawa barci, zama nake da waya ina jiran bakwai ta buga.

Don a yi adalci, an dawo da sayar da tikitin shekara a Afrilun 2023, kuma membobi suna da nau'in da za su saya ƙasa da farashin mafi tsada, ko da yake ba ya aiki a makonnin ƙarshen Disamba, lokacin da yaranmu suke hutun zangon farko. Falon membobi yana nan, kuma da rana tsaka wuri ne mai sanyi da lemo kyauta inda tsohuwa za ta miƙe ƙafa. Amma tun daga ranar tagar nan na daina sa waɗannan abubuwa a lissafi. Gyara ce irin ta kasuwa, mai kaya ya ga dama ya ƙara maka, ya ga dama ya hana, laifin kawai shi ne da gyarar aka yi mana talla. Kuma wanda ya bi tarihin abin zai ga amfanin da kamfani yake yi da ita. Tun Afrilun 2016 wanda ya sayi kaso daga hannun wani memba ba ya samun alfarmomin, sai wanda ya saya kai tsaye, inda farashin maki ya fi tsada nesa ba kusa ba. Mafi ƙarancin makin da ake buƙata don samun katin kuwa ya tashi daga 25 zuwa 75 a 2018, ya kai 150 a 2021. Ana ƙara tsadar ƙofar shiga, abin da ke bayan ƙofar kuma babu wanda ya lamunce maka shi. Ko aron maki, wanda na ɗauka haƙƙi ne tabbatacce, a 2020 an taƙaita shi zuwa rabi na wani lokaci.

Duk da haka, da muka koma bayan wancan hutu, na shiga falon gidan na ga tsabtarsa da baranda mai kallon tafki, na duba abin da baƙon da ba memba ba yake biya a kwana ɗaya a irin wannan ɗaki, sai zuciyata ta sauko. Ma'aikatan masauki ba su taɓa yi mana wulaƙanci ba, akwai ma wata dattijuwa mai gyaran ɗaki da ta lura da dardumar Hajiya ta riƙa naɗe ta da kyau tana ɗorawa a kan kujera maimakon ta bar ta a ƙasa. Ga mazaunin Amurka da yake karɓar albashi da dala, yake zuwa kowace shekara, kuma ɗaki kaɗai ya sa a gaba, ina ganin cinikin yana da ma'ana.

Ga wanda yake zaune a Najeriya kuwa magana ta bambanta, kuma nan ne haushina yake dawowa sabo. Kowane Janairu takardar kuɗin kula da gini tana isowa, ko ka je ko ba ka je ba, kuma kusan kullum sama take yi. Namu ya wuce dala 1,000 a shekara. Lokacin da na saya dala tana wajen naira 360, a 2024 ta haura 1,500, ke nan nauyin ya ninka sama da sau huɗu ba tare da an ƙara min ko maki ɗaya ba. A 2022 bankuna suka toshe amfani da katin naira a ƙasashen waje, sai da na riƙa neman dala ina zubawa a asusun dala kafin in biya. Sannan a Yulin 2025 Amurka ta mayar da bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wa'adin wata uku. Ɗaki mai kyau a lokacin hutun yara sai an kama shi tun saura wata 11, biza kuma a lokacin ba ta wuce wata uku ba, ga wahalar samun ranar ganawa a ofishin jakadanci. Idan mutum ya soke ɗaki ana saura ƙasa da wata ɗaya, makinsa suna faɗawa wani asusu na musamman inda ba za a ajiye su zuwa baɗi ba, kuma ba za a kama ɗaki da su ba sai tafiya ta rage kwana 60. Wanda ya tsara wannan doka bai yi tunanin mai jiran biza ba.

Na tuntuɓi dillalai a kan sayarwa. Kasuwar tana da rai, har kamfanin yana da haƙƙin karɓe cinikin a farashin da aka daidaita idan ya ga ya yi arha, wannan kuma yana hana farashi faɗuwa warwas. Amma mai saye daga hannuna ba zai gaji katina ba, don haka ba zai biya abin da na biya ba, ga la'adar dillali, ga kuma kashi 15 cikin 100 na kuɗin ciniki da dokar harajin Amurka take sa a riƙe wa baƙo har sai ya cike takardun neman a mayar masa da abin da ya rage. Bana dai mun ba da hayar makinmu ta hannun dillali ga wasu iyali da ban san su ba, kuɗin ya biya kuɗin kula har ya bar ɗan canji. Uwargida tana so mu riƙe kason har autarmu ta gama firamare, ni kuma na ce mu ga takardar Janairu mai zuwa tukuna.