Kafin ka sayi gwangwanin fenti don tsohon teburinka, ka fara sanin shelak

Tsohon tebur ko kabad da ya kwana biyu a lungu, yawanci katakonsa lafiya lau yake, fuskarsa ce kawai ta mutu. Sabunta shi da hannunka ya fi sayen sabo arha nesa ba kusa ba, amma inda kuɗi ke zurarewa shi ne wajen zaɓen abin da za a shafa masa. Ka shiga wurin masu sayar da kayan fenti, gwangwanaye jere, kowanne yana rantsuwa shi ne maganin matsalarka: fentin mai, fentin ruwa, fentin alli, banish, man linsid, kaki, fentin feshi, da shelak, wato wani ƙaro da ake narkarwa a sifirit a shafa wa katako. Ni tambaya biyu nake yi wa kowannensu. Yana bushewa ƙarau, ko zai bar ni da danƙo? Kuma ranar da ya samu tabo, zan iya gyara wurin kaɗai, ko sai na kankare komai na koma farko?

Kafin zaɓe, duba abin da ke gabanka. Leƙa ƙarƙashin teburin ko bayan durowa. Idan zanen jijiyar itacen da ke sama ya zarce har gefe ya faɗa ƙasa, katako ne tsantsa. Idan kuwa ka ga siririn layi a gefen, to fallen katako ne aka manna a kan filawud ko matsattsen garin katako. Wannan fallen sau da yawa kaurinsa bai kai milimita 1 ba, samfefa mai kaushi za ta huda shi cikin 'yan daƙiƙu, kuma babu fentin da zai ɓoye wannan rami yadda ya kamata. Sannan ka jiƙa auduga da sifirit, ka danna a wani ɓoyayyen wuri na ɗan lokaci. Idan tsohon shafin ya yi laushi yana kama auduga, shelak ne. Idan sai tina ta narkar da shi, laka ce irin ta feshi, wato shafin nan mai ƙyalli da ake kira lacquer a Turance. Idan duka biyun ba su yi masa komai ba, banish ne ko fenti.

Fentin mai yana da ƙarfi kuma yana kwanciya sumul, amma warinsa na daɗewa a ɗaki, kuma farinsa yana komawa ruwan ɗorawa da tafiyar lokaci, musamman a inda haske ba ya kaiwa. Fentin ruwa na bango an yi shi don bango ne. A kan tebur ya kan daɗe yana laushi, duk abin da ka ajiye sai ya manne ya ɗago da fatar fentin. Fentin feshi na ƙafar kujerar ƙarfe ne, a kan babban kabad rabinsa iska ce ke sha. Kaki shi kaɗai ado ne, ba ya tare ruwa ko zafi.

Fentin alli ya cancanci ɗan tsayawa, saboda ya yi suna tun da Annie Sloan ta fito da nata a Ingila a 1990. Yana kama kusan komai ba tare da dogon gugar samfefa ba, kuma ana iya haɗa makamancinsa a gida: kashi 1 na garin filasta a dama da ruwa kaɗan har ya yi sumul, a zuba cikin kashi 3 na fentin ruwa mara sheƙi. Sai dai yana shan datti kamar me, dole a bi shi da kaki ko banish, ga shi yana binne jijiyar itacen gaba ɗaya. Ga kabad ɗin matsattsen garin katako wanda babu abin gani a jikinsa, ya yi daidai. Shafa shi a kan katako mai kyau kuwa asara ce.

Banish na foliyuretan shi ne mafi juriya ga ruwa da karce, wannan babu gardama. Matsalarsa tambayata ta biyu ce. Da zarar ya bushe, babu abin da ke sake narkar da shi, sabon shafi yana zama ne a kan tsoho kamar leda a kan leda. Ka ce za ka gyara tabo ɗaya, sai zoben gyaran ya fito fili. Kuma irin mai mai ɗin na iya ɗaukar kusan kwana 30 kafin ya gama ƙarfi har ciki, ga ƙura da ke sauka a kansa tsawon sa'o'in da yake jiƙe.

Shelak dai wani irin ƙaro ne da macen wani ɗan ƙwaro mai suna Kerria lacca ke fitarwa a rassan bishiyoyi, mafi yawa a Indiya da Tailan. Ana kankare shi daga reshe, a farfasa, a wanke, a narkar, a miƙar da shi ya yi siriri, sannan a ɓarɓashe shi ya zama 'yan falle-falle masu ƙyalli. Launinsa ya kama daga fari-fari mai ruwan zuma zuwa ruwan lemo, har zuwa ja mai duhu. Da shi aka riƙa ƙawata manyan kayan katako na Turai a ƙarni na 19, da shi aka yi tsofaffin faifan garmaho, kuma sai a shekarun 1920 lakar feshi ta fara ture shi daga masana'antu saboda ta fi sauri a aikin inji. Har yau ana amfani da tsarkakakkensa wajen lulluɓe ƙwayoyin magani, lambarsa a jerin sinadaran abinci da aka yarda da su a Turai E904.

Abin da ya sa na fifita shi ga mai aikin gida shi ne kai ne za ka haɗa kayanka, daidai gwargwadon buƙatarka. Ka samu kwalbar gilas mai murfi, kada ka yi amfani da gwangwanin ƙarfe domin yana baƙanta shi. Giram 120 na fallen shelak a cikin lita 1 ta sifirit shi ne haɗi mai tsinkewa, wanda ya dace da sabon hannu da kuma shafin farko. Giram 240 a lita 1 shi ne haɗin da aka fi amfani da shi don gina kauri. Don ƙaramin tebur ba ka ma buƙatar lita guda, kwata ya isa, sai ka rage fallen daidai da haka. Ka daddaka fallen ya yi gari-gari, ka zuba, ka riƙa girgiza kwalbar lokaci-lokaci don kada ya dunƙule a ƙasa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya narke. Ka tace da siririn ƙyalle, shi ke nan.

Shafawar ma ba ta buƙatar wani kayan aiki mai tsada. Ɗauki dunƙulen auduga kamar girman ƙwai, ka jiƙa shi da shelak, ka naɗe shi cikin tsohon farin ƙyallen auduga mara gashi, ka murɗe bayansa har gabansa ya yi sumul babu tattara. Danna shi a bayan hannunka: ya kamata ya bar laima kawai, kada ya zuba. Sai ka ja shi daga wannan gefe zuwa wancan, kana bin jijiyar katakon, ka sauka da shi yana tafiya, ka ɗaga shi yana tafiya. Kada ka tsaya a tsakiya, domin inda ya tsaya nan zai narkar da abin da ke ƙasa ya bar tambari. Kada kuma ka koma kan inda ka wuce don gyara ɗan wurin da ka tsallake, shafi na gaba zai cike shi. Cikin minti kaɗan ya daina kama yatsa, bayan kamar awa ɗaya ka goge shi sama-sama da samfefa mai lamba 320, ka share farar ƙurar, ka sake. Shafi uku ko huɗu a yini guda, katakon da ya yi fari fat kamar busasshen ƙashi sai ka ga jijiyoyinsa sun taso, launinsa ya yi zurfi.

Ga kuma sirrinsa: kowane sabon shafi yana narkar da saman tsohon, su haɗe su zama abu ɗaya. Saboda haka ko bayan shekaru ne ya samu karce, ka goge wurin ka shafa kaɗan, ba mai gane inda aka taɓa. Sannan yana kama wuraren da sauran ke ƙi. Yana toshe ƙaron da ke tsatsowa daga kullin itace, yana danne warin hayaƙi da na rima a cikin tsohuwar durowa, yana rufe ragowar man goge kayan ɗaki mai silikon wanda ke sa banish ya riƙa tsagewa da 'yan ramuka. Ko fenti ka yanke shawarar yi daga ƙarshe, shafi ɗaya na shelak a ƙasa yana hana jan launin katakon ɓullowa ta cikin farin fenti. A nan dai ka nemi wanda aka cire wa kakinsa, domin na asali yana ɗauke da kaki kaɗan da ke iya hana banish kamawa.

Yana da rauninsa. Turare ya ɗiga a kansa, zai ci wurin, domin akwai sifirit a ciki. Sinadarin goge gilas mai amoniya yana lalata shi. Kofi mai zafi ko ruwan da ya kwana a kansa na barin farin zobe. A ranar da iska ta cika laima, yana iya yin hazo-hazo yayin bushewa. Don haka ga saman teburin da ake jiƙawa kullum, sa shelak mara kaki a ƙasa, ka rufe da banish. Ga kabad, gado, kujera, kantar littattafai da firam ɗin madubi, shi kaɗai ya wadatar. Kuma sifirit na kama wuta, wasu ma an haɗa su da metanol mai guba, saboda haka a buɗe tagogi, a nisanci wuta, a sa safar hannu.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan ne ya fi kamata ka buɗe ido.

Shelak da aka riga aka narkar yana tsufa. Sannu a hankali yana haɗuwa da sifirit ɗin da ke cikinsa ya rikiɗe, har ya kai matsayin da ba zai taɓa bushewa ƙarau ba. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da irin wannan, takardar kwanan watan an goge ta, yana ta rantsuwa sabon kaya ne. Cikin durowoyin da aka shafa wa ya zauna da danƙo, duk tufar da aka saka sai ta fito da ɗigo-ɗigon ruwan zuma, zaren jikinta kuma ya maƙale a katakon. Gwajin ba shi da wuya: ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilas, ka bar shi ya kwana. Da safe ka danna da farce. Idan ya yi tauri yana ɓarewa, mai kyau ne. Idan farcen ya nutse, mayar masa da kayansa. Wanda ka haɗa da kanka ma ka rubuta kwanan wata a jikin kwalbar, bayan wata 6 ka riƙa gwadawa kafin ka shafa. Busasshen fallen ya fi daɗewa, amma shi ma zafi da laima na kashe shi. Idan ya kwana uku a sifirit yana nan kamar kumburarren danƙo, ya mutu.

Ana kuma gauraya fallen da ƙaron itacen fayin, wanda ya fi arha sosai kuma kamanninsu ɗaya a ido. Tsohuwar dabara ce a kasuwar shelak. Gaurayen yana bushewa da gautsi, yana tsattsagewa, da zafi kaɗan ya yi laushi. Shelak na gaske ba ya narkewa a tafentin, ruwan nan da ake tsinka fentin mai da shi, ƙaron fayin kuwa yana narkewa. Jiƙa 'yan falle a tafentin kaɗan, bayan wani lokaci ka ɗiga ruwan a gilas; idan ya bushe ya bar danƙo mai yawa, an yi maka haɗi.

Sifirit ɗin ma ana yi masa ruwa. Na goge rauni mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 bai dace ba, ruwan cikinsa ya yi yawa, fallen ba zai narke da kyau ba kuma shafin zai yi fari. Nemi mai kashi 95 ko sama. Ɗiga kaɗan a gilas: mai kyau yana tashi nan da nan ba ya barin komai, wanda aka tsinka yana barin ɗigon ruwa yana ƙyalli.

Su mai kuwa, sunayensu ma yaudara ce. Abin da ake kira man tik ba daga itacen tik ake matso shi ba, haɗin man linsid ne ko makamancinsa da tina, wani lokaci da ɗan banish. Da yawa daga gwangwanayen da aka rubuta wa sunan man tung banish ne da aka tsinka, man tung ɗin cikinsu kaɗan ne ko babu. Idan ka ga an lissafa sinadarin man fetur a cikin abubuwan haɗin, ba tsantsa ba ne, komai girman rubutun gaban. Man linsid da ake cewa dafaffe shi ma yawanci ba dafa shi aka yi ba, sinadaran ƙarfe irin su kobalt da manganis aka zuba masa don ya yi saurin bushewa, ɗanyen kuwa sai ya yi makonni yana naso. Kuma tsumman da ya sha man linsid, idan aka dunƙule shi aka jefa a kwando, yana iya ɗumama kansa har ya kama da wuta ba tare da ashana ba. A shimfiɗa shi a waje ya bushe, ko a nutsar da shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi.

Mafi muni shi ne dalma. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje da kayan ɗaki tun 1978, amma har yanzu akwai ƙasashe da dama da ake sayar da shi, kuma fentin mai masu launin rawaya, ja da ruwan lemo su ne suka fi ɗaukar ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, yara ƙanana kuma su ne ta fi yi wa illa a ƙwaƙwalwa. Rubutun "babu dalma" a gwangwanin da ba shi da sunan kamfani, adireshi ko lambar rukunin kaya, kada ka dogara da shi. Tsohon kayan da ke da fenti mai kauri wanda ba ka san asalinsa ba, kada ka goge shi da samfefa a bushe, kada ka ƙona shi da wuta don ya ɗago. Yi amfani da sinadarin ɗaga fenti a waje, ka tattara abin da ka kankare tun yana jiƙe a cikin leda, ka ɗaure, yara kuma su yi nesa da wurin har sai an wanke shi. Idan gadon jariri ne ko kujerar yaro kuma ba ka da hanyar gwada fentin, bar shi, ka nemi wani wanda katakonsa ke tsirara.