WhatsApp Business ga mai son talla ba tare da takura wa mutane ba

Wallahi ba abin da ke ɓata min rai irin in tashi da safe in tarar an jefa ni wani guruf da ban san hawa ba ban san sauka ba, hotunan kaya sun fi hamsin sun cika min waya, data ta tafi a banza. Ni ma ɗin mai sana'a ce a onlayin, takalma da jakunkuna nake saidawa, shi ya sa abin yake min ciwo, don irin wannan tallar ce take sa mutane suna gudun mu gaba ɗaya har da waɗanda ba ruwansu. To shi ne na ce bari in faɗi ra'ayina kan WhatsApp Business tunda da ita nake aiki kullum.

Manhajar kyauta ce, tun 2018 aka fito da ita, daban take da WhatsApp ɗin da kowa ya sani duk da cewa kusan kama ɗaya suke. Za ki sa sunan sana'arki, lokacin buɗewa da tashi, da ɗan bayani kan abin da kike saidawa, wannan ba wani wahala.

Abin da ya fi burge ni shi ne katalog. Wuri ne da za ki jera kayanki da hoto da bayani da farashi, yana ɗaukar har kaya 500, duk wanda ya shigo ya duba da kansa a lokacin da ya ga dama. Kin ga ke nan ba sai kin tura wa mutum hoto talatin a jere ba alhali kala ɗaya ya tambaya. In kwastoma ta ce akwai baƙar jaka, ita kaɗai nake cirowa daga katalog in tura mata, in tana son ƙari ta san hanya.

Sai burodkas, wato saƙo ɗaya ya je wa mutane da yawa kowa a nasa akwatin. Nan ne masu sana'a da yawa suke ƙorafi, don saƙon ba ya isa sai ga wanda ya yi sebin ɗin lambarki a wayarsa. Ni kuwa gaskiya wannan dokar ita na fi so a duk manhajar, saboda wanda ya ɗauki lambarki ya ajiye da hannunsa ai ya riga ya ce yana son jin labarinki, wanda bai ajiye ba kuma me zai sa ki bi shi har cikin aljihu? Duk da haka sai na tambaya, in mutum ya sayi kaya sai in ce in sabbi sun iso in sanar da kai? In ya ce a'a shi ke nan, ba fushi ba gaba. Kuma ba na wuce sau ɗaya a sati, wani satin ma shiru in babu sabon abu. Mutum in ya gaji da ke buloking zai yi ko ya yi ripot, kuma in ripot ya yi yawa ana iya rufe lambar ɗungurungum, da kwastomomin da kika sha wahalar tarawa.

Sitatus kuma awa 24 yake yi ya ɓace, mai so ya buɗe, wanda ba ya so ya wuce. Amma dan Allah ƴan uwa a rage, in layin saman nan ya koma ɗige-ɗige saboda yawan hotuna ba mai kallo har ƙarshe. Uku ko huɗu masu kyau sun isa, wani lokacin ma ba talla ba, yadda ake goge takalmin fata kar ya tsage kawai nake nunawa, kuma irin wannan ne yake jawo min hira.

Akwai saƙon maraba da saƙon “ba na kusa” da suke tafiya da kansu, da amsoshin da kike ajiyewa ki danna alamar / su fito. Suna rage aiki sosai, sai dai ki rubuta su da bakinki kar su yi kama da inji.

Inda take da takura, burodkas ɗaya mutum 256 kawai yake ɗauka, in kwastomomi sun yi yawa sai kin rarraba su, kuma ware masu jiran kaya da waɗanda suka biya da hannu ake yi, in kika yi sakaci kwana biyu sai ya cakuɗe. Ga babban kamfani ba za ta wadatar ba, amma ga irina mai waya ɗaya ta yi. Yanzu linkin wa.me ɗina, wato linkin da ke kai mutum WhatsApp ɗina kai tsaye, shi kawai nake sawa a Instagram da Facebook, mai buƙata ya danna ya fara yi min magana da kansa.