Bramley da Granny Smith: launi ne kawai ya haɗa su

Hajiya, kin ce kin sayi wata ƙatuwar koriyar tuffa a Ingila mai suna Bramley, kina gantsara tsami ya kashe miki haƙora, shi ne kike tambaya ko ita ce Granny Smith da muka saba gani a tiren masu kayan marmari. Ba ita ba ce, kuma ba ki yi asarar kuɗinki ba.

Bramley ta tukunya ce. Ta fi Granny Smith girma sosai, ga ta a ɗan baje, wani lokaci da ɗan ja a gefen da rana ta taɓa. Tsamin nan da ya kore ki shi ne darajarta. Da ta ji wuta da ɗan ruwa sai ta narke ta yi laushi kamar kabewar da ta nuna a miyar taushe, kuma ko kin zuba sukari ɗanɗanon tuffa ba ya ɓacewa. Tuffa mai zaƙi idan aka dafa ta sai ta koma salam.

Granny Smith kuwa tsaminta da sauƙi, ana cin ta ɗanya, tsokarta da ƙarfi. Idan kika yayyanka kika gasa ta a kek, yankan zai fito da siffarsa. Asalinta Ostareliya ne, wajen 1868.

Tarihin Bramley ya fi burge ni. Wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka ƙwayar tuffa a 1809 a garin Southwell, yankin Nottinghamshire. Daga baya wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan. Da wani matashi mai renon itatuwa, Henry Merryweather, ya nemi yankar reshe a 1856 don ya yaɗa irin, sai mai gida ya ce to, amma a sa mata sunansa. Duk Bramley da ke duniya daga wannan bishiya ɗaya ta fito, ta hanyar auren reshe, wato a ɗaura reshenta a jikin wata bishiyar tuffa har su haɗe.

Ki fere sauran da kika sayo, ki cire 'ya'yan, ki sa a tukunya da ruwa cokali biyu, sukari da ɗan kirfa, ki rufe a wuta kaɗan na kamar minti 10. Ki ba yara da yogot ko a kan burodi.